Riƙon Safiyya da Shaidar Inna

Kafin in shiga wannan babi ya wajaba in bayyana inda na samo abin da zan faɗa, domin ke Safiyya nake rubuta wa, kuma ba na son ranar da kika isa karantawa ki ɗauki zato a matsayin tabbas. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Abin da ya faru a asibiti daga bakin matata Rukayya na ji shi, wadda kike kira Umma, domin ita ce ma'aikaciyar jinya a sashen jarirai. Abin da ya shafi hukuma kuwa na koma na sake tambayar Malama Asabe, jami'ar ofishin jin daɗin jama'a da ta bi lamarinki, ta kuma gyara mini wuraren da na kauce. Mahaifiyata Inna ta rasu kafin in fara rubutu, saboda haka maganganunta daga ƙwaƙwalwata na ɗebo su. Ma'anarsu na tabbata da ita, amma ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Da gangan na ƙi sa shekara, don kada wani ya bi sawu ya tono abin da ke naki. Ko lokacin da aka kawo ki gida mun saɓa: Rukayya ta ce gab da azumi ne, ni kuma ina tuna ruwan sama ya cika kwatar layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Mai yiwuwa dukanmu muna da gaskiya.

Abin da aka sani game da mahaifiyarki kaɗan ne. Ita kaɗai ta zo asibiti tana naƙuda, wani mai adaidaita sahu ya kawo ta, ya ce a bakin tashar Unguwa Uku ya ɗauko ta. Ta ce sunanta Safiyya, ta ambaci wani ƙauye wanda da aka aika can ba a sami wanda ya san ta ba. Ta haife ki, Allah Ya karɓi ranta washegari. An yi cigiya a rediyo, 'yan sanda sun yi nasu binciken, babu wanda ya zo. Sunan da ta bayar shi aka mayar miki. Ban san ko sunanta ne na gaskiya ba.

A lokacin aurenmu ya kai shekara huɗu ba mu sami haihuwa ba. Ina da digiri a fannin tarihi, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Unguwa Uku, muna haya a ɗaki biyu da falo. Kullum Rukayya ta dawo daga aiki labarinki take kawo mini, yau kin sha madara sosai, yau kin riƙe mata yatsa, har ranar da ta ce an fara maganar kai ki gidan marayu, ta zauna a bakin gado da kayan aikinta ba ta ko cire takalmi ba. A ranar na ce mu nema. Na ɗauka magana ce ta a je a roƙa a bayar, tun da ba wanda yake so sai mu. Ashe riƙon ɗan da ba naka ba a hannun hukuma yana farawa ne da a tuhume ka. An nemi shaidar aurenmu da ta lafiyarmu da ta wurin aikinmu, an nemi mai unguwa ya tsaya mana, an ce kotu ce za ta yanke daga ƙarshe, bayan an gwada mu da ke na wasu watanni. Malama Asabe mace ce doguwa mai tabarau, ba ta dariya a bakin aiki. Ranar farko ta dube mu ta saman tabarau ɗin ta ce da Rukayya:

"Ke ma'aikaciyar asibiti ce. Jaririya ta faɗo hannunki, ba uwa ba dangi, sai ga ki kina nemanta. In ke ce a kujerar nan, me za ki fara tunani?"

"Wallahi Hajiya, tausayi ne kawai."

"Duk wanda ya zauna a nan tausayi yake cewa. Wata, 'yar aiki take so ta rena tun daga tsumma. Wani sayarwa zai yi. Kai kuma Malam, in Allah Ya ba ku naku gobe, wannan ina za ta kwana?"

Na ce inda namu za su kwana. Ba ta nuna ta gamsu ba. Daga baya mai shagon bakin layinmu ya gaya mini ta zo ba da saninmu ba, ta sayi ruwan leda, ta tsaya tana tambayarsa ko ana jin faɗa a gidanmu, ko ina sallar asuba a masallaci, ko baƙi suna yawan shigowa. Ta je wurin mai gidan da muke haya. Ba na ganin laifinta yanzu, amma a lokacin sai na riƙa jin duk wanda ya gaishe ni a layi an riga an tambaye shi a kaina.

Tuhumar hukuma ta fi ta gida sauƙi. A nan sai na koma baya kaɗan don ki gane. A danginmu, kamar sauran Hausawa, wanda bai haihu ba ba a barinsa hannu wofi. In an yaye yaro sai a kai masa ya riƙe. Yayana Lawan, wanda ke zaune da Inna a gidanmu na gado a Unguwar Gano, ya taɓa yi mini wannan karamci. Da matarsa Hindatu ta yaye 'yarsu Husna, ya kira ni zaure ya ce na ba ka ita. A lokacin ban sami aiki ba, ɗaki ɗaya muke ciki, Rukayya kuma tana aikin kwana, sai na ba shi haƙuri na ce a bari tukuna. Ya ce ba komai. Hindatu mace ce mai barkwanci, tun da aka kawo ta gidan take tsokanata irin ta matar wa da ƙanin miji, ba ta kirana da komai sai Ɗan boko, kuma ko bayan wannan ba ta daina ba. Sai ranar da labarinki ya isa gidan. Da na shiga na gaishe ta, ta amsa da "Lafiya lau, Malam Habibu," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Inna ta kira ni ɗakinta ta sa na saki labule. Ba ta taɓa ambaton sunan Yaya Lawan ba saboda shi ne ɗanta na fari, yayanka kawai take cewa.

"Yayanka ya ba ka jininsa, ka ce ɗaki ya yi kaɗan. Yanzu ɗaki ya ishe ka ga 'yar da ba a san ubanta ba. Habibu, ni na haife ka. Ka gaya mini gaskiya tun muna mu biyu."

"Wace gaskiya, Inna?"

"Namiji ba ya bin ofis-ofis a kan ɗan wani. Yarinyar nan da ta mutu, a ina ka san ta?"

Sai da na ɗauki lokaci kafin in gane abin da take nufi. Na rantse mata ban taɓa ganin mahaifiyarki ba, a raye ko a mace. Ta ce ta ji, amma irin jin da ba a yarda ba. Daga nan maganar ta fita. Ban san wanda ya fitar da ita ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba tun da ba ni da hujja. Abin da na sani shi ne, wata maƙwabciyarmu ta tare Rukayya a bakin famfo ta ce mata ita kam ta yi ƙoƙari, ba kowace mace ce za ta rufa wa miji asiri haka ba.

Bayan an ba mu ke na gwaji, na je wurin limamin masallacinmu don in san iyakar da addini ya gindaya. Ni ba malami ba ne, abin da na fahimta daga bakinsa nake kawowa. Ya ce riƙon maraya lada ne babba, amma ba zan jingina miki sunana a matsayin uba ba, kuma ba ki da gado a wurina sai abin da na ba ki kyauta ko na yi wasiyya. Waɗannan na karɓe su ba wahala. Na ukun ne ya tsaya mini. Ya ce ke mace ce, ni kuma ba muharraminki ba ne. Ranar da kika balaga za ki rufe kanki a gabana kamar yadda za ki rufe a gaban kowane baƙo, ba kuma za a bar mu mu biyu a gida ba. Na tambaye shi mafita. Ya ce shayarwa. In matata ta shayar da ke, ko 'yar'uwata, ko matar ɗan'uwana, kafin ki cika shekara biyu, ko sau ɗaya ne muddin nonon ya shiga cikinki, to kin zama 'yar gida. Rukayya ta gwada, ta sha magungunan da ake bayarwa da na gargajiya, nono bai zo ba. Ni ba ni da 'yar'uwa mace. Mace ɗaya ce a danginmu mai goyo a wannan lokaci, ita ce Hindatu, tana shayar da ɗanta Sadiku.

Na bi ta hannun Yaya Lawan kamar yadda ya dace. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai haɗa 'ya'yansa 'yan'uwantaka da wadda bai san asalinta ba, kuma in na sake kawo maganar zai ɗauka raini ne. Hindatu tana bayan labule tana ji, daga can ta ce:

"Tamu ba ta isa riƙo ba, amma nononmu ya isa aro."

Na tashi na tafi. Wani abu da na lura da shi daga baya shi ne, wannan roƙo nawa ya rikita lissafin Inna. In har ke tawa ce kamar yadda take zato, me zai kai ni neman shayarwa? Sai dai ta gaya wa Rukayya cewa ɗan boko ba ya rasa dabara, ƙila duk don a rufe idon mutane ne.

Gab da komawa kotu, Malama Asabe ta ce ba za ta ba da shawarar a bar mana ke ba sai ta ji daga bakin dangi, musamman uwar miji, domin ta sha ganin yaron da mata da miji suka karɓa dangi suka kore. Ta sa rana da hantsi a gidanmu. Na san in Inna ta faɗi abin da ke ranta a gaban jami'a, an gama, za a ɗauke ki. Inna ba ta hawa adaidaita sahu ita kaɗai saboda ciwon gwiwa, Hindatu ce ta rako ta, da Sadiku a goye. Hindatu ba ta zauna a falo ba, ta gaisa a tsaye ta wuce ɗakin kwana ta ce za ta kwantar da yaro. Wannan ne karo na farko da Inna ta gan ki. Ta miƙa hannu aka ba ta ke, ta kwance zanen da aka naɗe ki da shi a gaban kowa, ta juya kunnenki, ta buɗe tafin hannunki, ta ɗaga ƙafarki zuwa hasken taga tana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Duk jikokin gidanmu suna da doguwar yatsa ta biyu a ƙafa, gadon mahaifina ne. Ta sa ni na cire safa. Malama Asabe tana kallo, sai da aka gama ta tambaya:

"Hajiya, kin yarda ɗanki ya riƙe yarinyar nan?"

"Na duba ta daga kunne har ƙafa, ba tamu ba ce."

Inna ta mayar miki da zanen a hankali ta ci gaba.

"Da tamu ce da yau ban iya ɗaga kai ba. Tun da ba tamu ba ce, ta Allah ce. A bar masa ita. In ya gaza, ina nan."

Duban da aka yi miki ya tashe ki, kika fara kuka mai tsanani. Rukayya ta yunƙura, Malama Asabe ta ce ta zauna ba ta gama da mu ba. Inna ta tashi da ƙyar ta shiga da ke ɗakin da Hindatu take, ta saki labule. A nan ne iyakar abin da idona ya gani. Abin da kunnena ya ji shi ne kukan ya ci gaba na ɗan lokaci, an yi magana ƙasa-ƙasa wadda ban tsinci komai a cikinta ba, sai kukan ya yanke gaba ɗaya. Kwalbar madararki tana kan tebur a gabana, a cike, ba wanda ya zo ya ɗauka. Sun jima a ciki. Da suka fito kina barci a kafaɗar Inna, Hindatu kuma ba ta dubi kowa ba. Da na raka su bakin titi, Hindatu ta riga ta shiga adaidaita, Inna ta riƙo hannun rigata ta ce:

"An gama. Ta sha har ta ƙoshi, a gabana. Amma mijinta bai sani ba, in ya ji aurenta zai iya mutuwa. Kada ka yi mata godiya, kada ka tayar da maganar. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Kotu ta tabbatar mana da riƙonki, da sharaɗin jami'a za ta riƙa zuwa dubawa. Muka daina neman wata hanya, domin a wurinmu magana ta ƙare: kin zama 'yar Hindatu ta wajen nono, ni kuma baffanki. Inna ta shaƙu da ke fiye da jikokin cikinta, har ana yi mata tsiya a kai. Ita ta fara kiranki kishiya, ta ce kin zo ƙwace mata tsohon da ya riga ya tafi. Hindatu ba ta koma kirana Ɗan boko ba, amma duk sallah in ta ɗinka wa Husna atamfa sai ta aiko miki da ragowar yadin. Na ɗauki wannan a matsayin alama. Yanzu ina ganin ana iya yi wa kowace yarinya haka.

Inna ta rasu kina da shekara uku da wani abu. Bayan an share makoki, wata rana da la'asar na tarar da Hindatu ita kaɗai a tsakar gida tana wankin kwanuka. Na ga wadda ta hana ni godiya ta tafi, nauyin kuma ya daɗe a kaina. Na durƙusa na ce Allah Ya saka mata da alheri a kan abin da ta yi wa Safiyya. Ta tsayar da wankin.

"Me na yi mata?"

"Ranar da kuka zo da Inna. Ta gaya mini komai."

"Jijjiga ta na yi ta yi barci. In Inna ta ce maka wani abu, ita ta sani."

Dole in rubuta cewa Yaya Lawan yana zaure a lokacin yana alwala, kuma daga zaure ana jin maganar tsakar gida. Ban san yana nan ba sai da na fito. Saboda haka na bar wasu watanni suka wuce, na tura Rukayya ta same ta ranar da ya yi tafiya. Rukayya ta ce ta roƙe ta don Allah, ta ce mata rayuwar yarinya ce, ba wanda zai ji. Hindatu ta share ido da bakin mayafi, ta ce: "Ku bar maganar nan. Inna ta tafi, kada ku sa ni in ƙaryata ta, kada kuma ku sa ni in kashe aurena." Rukayya ta dawo tana cewa wannan amsa ce, ta shayar. Ni na juya kalmomin ta kowace fuska, na ga mace za ta iya faɗinsu ko ta yi ko ba ta yi ba.

Na koma wurin liman. Ya ce shaidar mace ɗaya ba ta tabbatar da shayarwa, balle ga wadda ake magana a kanta ba ta amsa ba. Ya ce don tsantseni kada a taɓa haɗa ki aure da 'ya'yan Hindatu, amma wannan shaida ba ta isa ta mai da ni muharraminki ba. Na tambaye shi ko za a sake. Ya ce lokacin ya wuce tun da kin haura shekara biyu.

Na yi tunanin Inna da yawa. Ban taɓa kama ta da ƙarya ba tun tasowata. Amma ta zarge ni a kan abin da ban yi ba, a ranar kuma ta gane kuskurenta a gaban baƙuwa, kuma na san ta da son ta biya abin da ta ɓata. Tana iya ganin tsohuwa ta faɗi kalma ɗaya hankalin ɗanta ya kwanta ba laifi ba ne. Tana kuma iya kasancewa gaskiya tsantsa ta faɗa, Hindatu ce tsoro ya rufe wa baki. Kwalbar da ba a taɓa ba tana goyon bayan Inna. Jariri kuma yana yin barci da jijjiga.

Yanzu kin shiga aji ɗaya. In na dawo daga makaranta da gudu kike tarata, ki hau wuyana ki ce Abba me ka kawo mini. Nan da 'yan shekaru za a zo ranar da dole in gaya miki ko dai ki ci gaba da zama a gabana kamar kowace 'ya a gidan ubanta, ko ki ɗauko mayafi in kin ji sallamata. Mutum ɗaya ce a raye ta san wanne ne daidai, tana Unguwar Gano, muna gaisawa duk Juma'a. Na rubuta duk abin da na gani da wanda na ji, ban ƙara ba ban rage ba, kuma ban sani ba: Hindatu ta shayar da ke a ɗakin nan, ko ba ta shayar ba?